Wanda Ke Cikin Ɓauna

Lahadi, 8 ga Yuni, bayan an tashi daga coci

Jiya an yi wasa kamar kowace Asabar. Mota uku suka zo, biyu daga Makurɗi, ɗaya daga Abuja. Ruwa ya tsuge tun ƙarfe biyu, amma babbar rumfa ba ta yi yoyo ba. Baƙi suka ci sakwara da miyar riɗi, suka kalli 'yan tsana a kan akwati, suka yi dariya a inda aka saba dariya. Ɓauna, babban dodonmu mai kan katako da jikin zaren tukurwa, ita ce ta rufe wasa kamar kullum.

Da mijina Tyozua, Baban Mnena, ya dawo bukkar shiri, na kwance masa igiyoyi, na ɗage masa kan, sai ya zauna daɓas a ƙasa. Shekara ashirin da biyu Tyozua yana shiga Ɓauna, ni ke ɗaure shi, ni ke kwance shi, ban taɓa ganin ya zauna ba sai ya fita ya gaisa da mutane. Na ce, "Lafiya?" Ya ce, "Ƙafar nan ce ta yi barci." Na murza masa ƙafar hagu. Na mintsine shi da gangan. Bai ko motsa ba, yana ta kallon ƙofa.

Ya ce, "'Yar Agber, ki kama bakinki." Da sunan babana yake kirana in yana tsokana, ko in magana ta yi nauyi.

Na ce na ji.

Laraba, 11 ga Yuni, da yamma

Mun je Makurɗi. Mun ce wa Mama, uwarsa, kayan rini za mu sayo. Mun kuwa sayo, don kada ta zama ƙarya tsagwaronta.

Likita ya sa ya matse masa yatsu da hannun dama, sannan da na hagu. Ya sa ya yi tafiya daga bango zuwa bango. Ya faɗi sunan abin da Turanci, ya sake faɗa da harshenmu. Ba zan rubuta shi a nan ba. Ya ce wannan ƙaramin ne, gargaɗi ne, babban yana iya biyo baya. Ba ɗaukar kaya, ba zafi, ba tsalle. Baban Mnena ya ce, "Rawa fa?" Likita ya yi dariya, ya ɗauka raha ce.

A mahaɗa inda ake sauka a hau babur, akwai allon nan mai hoton Ɓauna da kibiya tana nuna hanyar garinmu. Muna jiran babur ya juya masa baya.

Alhamis, 12 ga Yuni, da safe

Ya sha magani. Ya ɓoye kwalin a cikin tsohon tulu.

Juma'a, 13 ga Yuni, da almuru

Yaya Gbaden ya zo da hantsi. Shi ne shugaban wasa, kuma tun da ya samu waya mai hoto ba ya zama wuri ɗaya. Ya ce, "Gobe ɗaliban Jos, mota biyu. Malaminsu ya bugo sau uku, tambayarsa ɗaya ce: Ɓauna za ta fito?"

Baban Mnena yana zaune, ya rufe ƙafa da zane. Ya ce, "Yaushe ta taɓa fashi?"

Gbaden na fita na rufe ƙofa. Na ce, "Ashe kunnenka ma ya yi barci? Ba ka ji likita ba? Ka bar wa Terkura Ɓauna mana. Ƙaninka ne, ya fi shekara biyar yana roƙonka."

Ya ce, "In ba shi in ce me? Ranar da aka ji ƙafata ta mutu, washegari dangi za su zauna su tambayi wanda ya ci ni. Sunan wa kike tsammani za a kira? Wa ya tsaya gaban kowa bara ya ce na tsufa, in sauka in ba shi wuri?"

Gaskiya ya faɗa. Da cikin Kawu Nyiekaa ya kumbura, kwana uku aka yi ana zaman maita a gindin mangwaro. Gida biyu suka tashi daga garin nan, har yau ko a kasuwa ba ma gaisawa. In aka kira sunan Terkura zai tashi, kuma rabin masu juya 'yan tsana surukansa ne da abokansa.

Na san garin nan kafin a gina babbar rumfa. A da, Kwagh-hir, wasan nan namu na gargajiya, sau ɗaya ake yin sa a shekara, bayan girbi, daga nan a jibge kayan a rumbu gara ta ci. Samari duk suna Legas ko suna acaɓa a Makurɗi. Shekara bakwai ke nan muna yi duk Asabar, rani da damina, ƙarfe huɗu. Masaƙa sun dawo. Matar Terkura ta buɗe wurin abinci. 'Yarmu Mnena tana makarantar jinya. Duk na san wannan, ba sai ya gaya mini ba.

Ya ce, "To ki kawo wata dabara."

Na tashi na tafi bukkar shiri gyaran zaren tukurwa. Ba mai shiga can sai mu biyu, dokar babansa ce tun da ya sassaƙa kan. Na daɗe a ciki. Na ɗaga kan don in duba ko gara ta shiga. Na sha ɗauko doyar da ta fi shi nauyi daga gona.

Da la'asar muka tafi gonar lemo ta ƙofar baya. Ya zauna a kan kututture yana buga gwangwani da tsinke. Ya yi faɗa sosai.

Asabar, 14 ga Yuni, da yamma

An yi wasa. Ɓauna ta fito. Babu wanda ya ce komai.

Lahadi, 15 ga Yuni, da rana

Ban iya ɗaga hannu a coci ba lokacin waƙa.

A cikin Ɓauna ba a ganin fuskar kowa. Ta bakinta ake leƙe, ƙafafu kawai ake gani: silifas, takalman makaranta, ƙafar Baba Adzande mai ganga tana dukan ƙasa. Ciki duhu ne da zafi, da warin gumin mutum biyu, ɗa da uba. Sandunan da ke riƙe jikinta a kan kafaɗa suke zama, kuma an yanka su ne daidai da kafaɗar namiji. Haka dai aka gaya mini.

Bayan wasa ɗalibai suka ce sai sun ga mai rawa. Baban Mnena ya kwara wa kansa ruwan randa, ya fita ya jingina da ƙyaure, suka yi hoto da shi. Wata ta ce, "Baba, ba ka ko haki!" Ya ce, "Sabo ne, 'yata." Ni ina kwance a bayan ƙyauren, fuskata a ƙasa, ina jin su.

Talata, 17 ga Yuni, da hantsi

Na haɗu da Baba Adzande a hanyar gona. Ya tsaya ya sauke fartanya.

Ya ce, "'Yata, Ɓaunarku ta yi sauƙin ƙafa bana. Me kike ba ta?"

Na ce, "Abin da kowa ke ci, Baba."

Ya ce, "Wajen juyi na uku tana riga ganga. Ki gaya wa mijinki ya jira ni. Ni ba na gudu." Ya ɗauki fartanyarsa. Har ya wuce ya waiwayo ya ce, "Kuma a sa tsumma a ƙarƙashin sanda."

Na zauna a bakin hanya.

Asabar, 21 ga Yuni, da almuru

Mota huɗu. Har da Turawa biyu da wani mai yi musu fassara.

Yau wata yarinya 'yar baƙi ta tsorata. Da Ɓauna ta yi kukan kura ta nufi layin gaba, sai aka ji ihu, ƙananan takalma ja suka haye kan benci. Ɓauna ta tsaya. Ta durƙusa a hankali, ta kwantar da ƙahonta a ƙasa, ta yi lamo. Baba Adzande ya sassauta ganga kamar da shi aka shirya. Can sai takalman suka sauko, wani ɗan hannu ya taɓa hancin katako. Rumfa ta ɗauki tafi, ban taɓa jin irinsa ba.

A bukka Baban Mnena bai kwance igiya da wuri ba. Ya ce, "Ɓauna ba ta durƙusa wa kowa. Babana bai durƙusa ba, ni ban durƙusa ba."

Na ce, "To yau ta durƙusa."

Ya ce, "Aro aka ba ki, ba kyauta ba."

Igiyar ƙarshe da hannu ɗaya ya kwance ta, da haƙori.

Lahadi, 22 ga Yuni, da yamma

Gbaden ya zo yana ta washe baki, wai a riƙa yin durƙuson duk mako, an sa shi a waya mutane sun fi dubu sun kalla. Baban Mnena ya ce, "Ai na daɗe da shi a raina."

Allah ya yafe mini, har yanzu tafin nan yana kunnena, kuma daɗinsa nake ji. Mijina yana jan ƙafa zuwa bayan gida yana dafa bango, ni kuma ina lissafin kwana nawa ya rage Asabar.

Talata, 24 ga Yuni, da safe

Mama ta shigo ɗaki ba sallama ina shafa man kaɗanya. Ta ga kafaɗuna. Duka biyun sun yi baƙi, ta hagu ta saɓule.

Ta ce, "Wa ya yi miki wannan?"

Na ce, "Itace na ɗauko, Mama."

Ta ce, "Shekarata saba'in da wani abu ina ɗaukar itace, a ka ake ɗauka." Ta fita. Na ji ta a tsakar gida tana cewa, "Tyozua! Ubanka bai taɓa ɗaga mini hannu ba. Da furfurarka za ka fara?"

Na kasa kunne in ji amsarsa. Bai ba ta ba.

Alhamis, 26 ga Yuni, da la'asar

A taron mata na coci aka yi addu'a ta musamman domin "gidajen da Shaiɗan ya shiga". Ba a kira suna ba. Matar Fasto ta riƙe hannuna har aka ce amin.

Asabar, 28 ga Yuni, da yamma

An yi wasa. Ɓauna ta fito, ta durƙusa. Na sa tsumma.

Da ya fita gaisawa, matan gari ba su amsa masa ba.

Alhamis, 3 ga Yuli, da yamma

Yayana Iorwuese ya zo daga gida a kan babur, ko ruwa bai sha ba. Labari ya kai can.

Ya tsaya a kan Baban Mnena. "Suruki, da muka ba ka ita, da tabo muka ba ka? Ka tashi tsaye in ina maka magana!"

Bai tashi ba. Yayana ya ɗauka raini ne. Na shiga tsakaninsu na ce, "Yaya, wallahi ba abin da kake zato ba ne." Ya ce, "To mene ne?" Na kalli Baban Mnena. Ya girgiza mini kai kaɗan, yadda ni kaɗai zan gani.

Iorwuese ya ce, "Ranar Asabar ta sama zan dawo da baffanninmu. Ki haɗa kayanki. Ba mu rasa ɗakin da za mu sa ki ba."

Bayan ya tafi na ce, "Baban Mnena, ya isa haka. Mutumin da ko kaza sai ya kira wani ya yanka masa, shi ake kira mai dukan mata?"

Ya ce, "Gara a ce ni mugu ne, da a ce Terkura maye ne. Mugu yana tuba a coci a wuce wurin. Maye fa?"

Na ce, "Ni kuma a tafi da ni?"

Ya kalli hannunsa na hagu a kan cinya.

Asabar, 5 ga Yuli, da almuru

Zafi yau kamar ba damina ba. A juyi na uku ƙafafun mutane suka zama biyu-biyu. Ɓauna ta yi tangaɗi. Baba Adzande ya canja kiɗa ya mayar da shi kamar na maye, mutane suka fashe da dariya, wai Ɓauna ta sha burkutu. Da haka ta samu ta koma bukka.

Na yi amai a bayan randa. Ya riƙe mini goshi.

Litinin, 7 ga Yuli, da safe

Mnena ta bugo waya. Na ce kowa lafiya.

Talata, 8 ga Yuli, da yamma

Terkura ya zo. Ya tarar da ni ina gyaran zare a ƙofar gida. Kullum in ya gan ni sai ya ce, "Matarmu, yaushe za ki bar tsohon nan ki dawo wurin yaro?" Yau bai yi tsokana ba. Ya wuce wurin yayansa.

Na ji yana cewa, "Yaya, ni da kai mun sha faɗa a kan Ɓauna, wannan daban. Amma matar nan ita ta yi jinyar matata wata biyu. In ka sake taɓa ta, ni da kaina zan kai ka gaban dattawa, ko da za ka tsine mini."

Baban Mnena ya ce, "Na ji. Ka gaida gida."

Da Terkura ya fita, na leƙa. Ya kifa kai a gwiwa, kafaɗarsa tana rawa. Na ɗauka kuka yake, ashe dariya ce, sai kuma ta koma kukan. Ya ce, "Kin ji wanda nake karewa? Zai kai ni gaban dattawa."

Juma'a, 11 ga Yuli, da rana

Ban haɗa kaya ba. Na yi wa Ɓauna sabon rini a wuya.

Lahadi, 13 ga Yuli, da sassafe

Jiya ban iya riƙe biro ba.

Mota biyar suka zo. Iorwuese ya zo da baffanninmu biyu tun azahar. Gbaden ya roƙe su su bari baƙi su tafi tukuna, aka ba su benci a gefe.

A bukka Baban Mnena ya ɗaure igiyoyi, ya duba kowace sau biyu. Ya ce, "'Yar Agber, yau kada ki riga ganga, kome kika gani." Ban gane ba.

Bari in rubuta shi yau, tunda babu sauran wanda bai sani ba. Ni ce a ciki. Asabar biyar ke nan ni ce.

Na yi juyi na farko, na yi na biyu. Ina cikin na uku sai waƙar mata ta yanke a tsakiya, kamar an toshe musu baki. Ƙananan ganguna suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya. Ta Baba Adzande kaɗai ta rage. Na leƙa ta baki. A cikin ƙafafun da ke gabana na ga takalmin taya mai ɗinki da zaren tukurwa baƙi, wanda na ɗinke da hannuna. Ƙafar dama tana takawa, ta hagu tana jan ƙasa, ga sanda a gefe. Daga ƙofar bukka har wurin makaɗa, a tsakiyar fili, a gaban kowa. Tafiyar da ba ta fi taku talatin ba, sai da ta ɗauke shi kamar rabin wasa.

Na so in jefar da kan in ruga in tare shi. Baba Adzande ya daki ganga da ƙarfi ya yi ihu, "Ɓauna, ina ruwanki da mutane? Taka!"

Na taka. Hawaye da gumi sun rufe mini ido, da kunne na gama rawar. Baƙi ba su san komai ba, sun ɗauka tsohon mai sanda yana cikin shiri, har suka tafa masa da ya zauna. Da lokacin durƙuso ya yi, ban nemi yaro ba. A gaban takalmin taya na durƙusa. Na ji hannu ya sauka a kan katako, ya daɗe a wurin.

Bayan motoci sun tashi, Mama ce ta shigo bukka, ta karya dokar mijinta. Ita ta kwance ni. Ta ga tsumman a kafaɗata ya jiƙe da jini. Ta cire ɗankwalinta ta goge mini fuska.

Iorwuese yana tsaye a waje kamar an dasa shi. Ya je ya tsuguna gaban Baban Mnena ya ce, "Suruki, da na ce ka tashi tsaye..." Baban Mnena ya ce, "Ai da na iya, da na tashi na mare ka, a samu abin faɗa na gaskiya." Baffanni suka yi dariya, Iorwuese bai yi ba.

A gida na ce, "Me ya sa?" Ya ce, "Da na ɗaure ki, na ga kafaɗarki. Na ce in aka tafi da ke wa zai riƙa mintsinina?" Can kuma ya ce, "Kin sani, ban taɓa ganin Ɓauna tana rawa ba tun rasuwar babana. Kina riga ganga har yanzu."

Litinin, 14 ga Yuli, da almuru

An zauna a gindin mangwaro tun safe. Na kira Mnena jiya na gaya mata gaskiya, ta yi mini faɗa kamar ita ta haife ni, ta hau motar farko.

Abin da yake tsoro ya faru. Ba a yi awa ɗaya ba wani dattijo ya ce, "Ƙafa ba ta mutuwa haka kawai. Wa ke son abin da ƙafar ke yi?" Duk aka juya aka kalli Terkura.

Mnena ta karanta takardar likita, ta fassara, ta yi bayanin jini da jijiya. Dattijon ya ce, "Jini ya hau, mun ji. Wa ya hau da shi?"

Mata ba sa magana a zaman nan. Mama ta tashi da sandarta ta shiga tsakiya. Ta ce, "Ni na haifi wanda ke kwance, ni na haifi wanda kuke kallo. Ubansu haka hannunsa ya yi shekara biyu kafin ya rasu, ni na ɓoye, ni na riƙa ba shi abinci a baki, don na san ku. Terkura yana Legas a lokacin. Shi ma shi ya ci shi? Kun kori gida biyu a kan Nyiekaa, cikinsa ya sace? Wanda ya sake kiran sunan ɗana, ya fara da ni."

Gbaden ya yi maza ya ce a rufe da addu'a.

Amma Terkura ya miƙe, idonsa ja. Ya ce wa yayansa, "Wata guda kana jan ƙafa, ka bar matarka ta shiga wuta, ka bar ni na zo gidanka na zage ka, duk don kada ka gaya mini? Ni baƙo ne?" Ya tafi, bai waiwayo ba.

Ni kuma an ci ni tarar kaza, don mace ba ta shiga dodo. An kuma ce daga yau ba zan sake ba. Na ce to. Na san haka za a ce. Duk da haka sai da na shiga ɗaki na rufe ƙofa.

Talata, 15 ga Yuli, da yamma

Terkura bai buɗe ƙofarsa ba. Matarsa ba ta hura wuta a wurin abinci ba.

Laraba, 16 ga Yuli, da rana

Baba Adzande ne ya cinye kazar tara, shi da dattawa. Ya aiko mini da cinya ɗaya a ganye, da saƙo wai in ana cin irin wannan tara duk mako shi ba ya ƙi.

Gbaden ya zo sau uku. Akwai mota huɗu ranar Asabar, ba Ɓauna, kuma masu 'yan tsana sun ce sai abin da Terkura ya ce.

Baban Mnena ya ce in ba shi sandarsa. Na ce zan raka shi, ya ce a'a. Daga gidanmu zuwa na Terkura ana jin kira, amma sai da ya huta sau biyu. Na hange shi ya zauna a kan turmi a ƙofar gidan, cikin rana. Har na gama tuƙa tuwo yana nan zaune. Ban san abin da suka ce ba. Da ya dawo, Terkura ne ke riƙe da shi.

Alhamis, 17 ga Yuli, da almuru

Gonar lemo, mu uku. Baban Mnena a kan kututture da gwangwani. Baki yana iya faɗa, amma ƙafa ce ke nunawa, don haka ni na shiga gaba, Terkura yana bina a baya kamar ɗan akuya.

Ya ce, "Matarmu, a hankali mana, ni sabon shiga ne."

Na ce, "Shekara biyar kana cika baki, ashe ƙafar hagu biyu gare ka."

Baban Mnena ya ce, "In sun yi yawa ka ba ni ɗaya."

Asabar, 19 ga Yuli, da yamma

Ni na ɗaure Terkura. Da na gama ya ce ta cikin baki, "Ki fita ki zauna da mijinki, zan iya jira a kwance ni."

Na fita. Matar Fasto ta matsa mini wuri, ta kasa haɗa ido da ni. Na wuce ta na zauna a bencin makaɗa kusa da Baban Mnena. Baƙi sun cika rumfa, wani yana cin lemo, wata tana gyara wa ɗanta hula.

Aka buɗe ƙofar bukka, Ɓauna ta fito. Na ɗinka kowane zare a jikinta, na san inda ta yage da inda na yi mata faci, amma daga bayan ƙyaure ko daga ciki na san ta. Ashe haka take da girma. Ashe in ta juya, zaren yana tashi kamar ruwa. Na ji ina ja da baya tare da yaran baƙi.

A juyi na uku Terkura ya makara. Ni da Baban Mnena muka yi tsaki a tare. Baba Adzande ya harare mu.

Baban Mnena ya sunkuyo ya ce, "'Yar Agber, tsakani da Allah, ni da ke wa ya fi?"

Na ce, "Kai ka fi ƙarfi."

Ya ce, "Ba abin da na tambaye ki ke nan ba."

Na ce, "Na sani."

Ya yi dariya har sandarsa ta faɗi. Na sunkuya zan ɗauko masa, ya ce in bari. Ya miƙa hannun hagu a hankali, yatsun suna rawa. Sau biyu tana kuɓuce masa. Ban taya shi ba. A na uku ya kama ta.